Sunan da Aka Kira a Rediyo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa yake yi wa uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin sauƙi da ni'ima a makwancinki. Mu nan Garwa muna lafiya, ni da iyali. Damina ta yi kyau bana, kogin Binuwai ya cika har ya shafe gonakin bakin ruwa, sabuwar gyaɗa kuma ta fara shigowa kasuwa.

Makon jiya aka koma makaranta. Ina zaune a ƙofar gida ina kallon yara suna wucewa da sabon kaki, waɗanda suka ci jarrabawa suna tafe suna surutu, waɗanda za su maimaita aji suna bin gefen hanya su kaɗai. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo sai in yi niyyar rubuta miki, sai in fasa. Na san ba ki karatun boko, na kuma san inda kike ba a kai wasiƙa. Amma akwai maganar da ta daɗe a bakina, ga shi yanzu na girme ki a shekaru. Waɗanda za su karanta wannan takarda su zama shaidu.

Kin tuna zamanin da na shiga lise, wato makarantar sakandare. Lokacin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, ana ta kiran mutanen Arewa su kai 'ya'yansu lekol, wato makarantar boko. Baba ya riga ya rasu tun ina firamare, ya bar mu mu biyu a gidan nan na unguwar Hausawa. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kika riƙe ni. Har yau idan na ji ƙamshin gyaɗa a kasko sai in ga hannuwanki suna murza tunkuza, jijiyoyinsu a tashe.

Ni ne idonki a kan duk abin da aka rubuta da Faransanci. Katin asibiti, takardar kasuwa, sanarwar da ake liƙawa a ƙofar mai unguwa, ni nake karanta miki. Sai ki miƙo mini, ki kau da kai kamar ba ki damu ba, alhali kunnenki yana wurina. Da yake ni ne ɗan fari, ba ki faɗin sunana, ba ki yabona a gaban mutane, ba ki ko kallona sosai idan da baƙi. "Kai yaron nan" shi ne sunana a bakinki. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi.

A lise mu biyu ne masu suna Hamidu Garba, a shekara ɗaya, aji daban. Ɗayan ɗan manomin auduga ne daga Pitowa, yaro mai shiru, yana zaune wajen kawunsa. Malamai kan ce na Garwa da na Pitowa don su bambanta mu. Ban taɓa ba ki labarinsa ba, don ban ga abin labari a ciki ba. Tare muka zauna jarrabawar birebe a ƙarshen aji huɗu, wadda sai an ci ta ake wucewa ajin manya.

Ranar da aka ce za a karanta sakamako a rediyo, bayan la'asar muka taru a ƙofar gidan Baba Yakubu, maƙwabcinmu Kirista da ya sauko daga duwatsun Mokolo yana aiki a asibiti. Shi kaɗai ke da rediyo a layinmu. Ya fito da ita ya ɗora a kan kujera, maza suka kewaye ta, ku mata kuna tsaye daga bakin zaure. Kin ce ke dai kin fito shan iska ne.

Mai karatun yana bin sunaye harafi bayan harafi. Da ya iso kanmu ya ce Hamidu Garba, sau ɗaya. Na tsaya ina jiran na biyu. Sai na ji ya wuce zuwa wani suna. Kafin in buɗe baki layin ya kaure, maƙwabciyarmu Goggo Asabe ta rangaɗa guɗa, maza suna miƙo mini hannu.

Sai kika yi abin da ba ki taɓa yi ba. Kika ratso mutane har inda nake, kika ɗora tafin hannunki a kaina, a gaban kowa, kina hawaye. Mata suna tsokanarki wai yau Hajara ta ajiye kunya, ba ki ko kula su ba. Hannunki yana ƙamshin mai. Zuciyata tana gaya mini cewa ɗaya aka kira cikin biyu, amma na ce wa kaina ai wataƙila ni ne.

Washegari da sassafe na tafi lise duba allon da aka liƙa sunaye. Sunan yana nan, amma lambar da ke gabansa ba tawa ba ce, a gefe kuma an rubuta an haife shi a Pitowa. Na bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Takwarana yana tsaye can da mahaifinsa, wani dogon dattijo da ƙafa duk laka, da alama daga mota suka sauko. Takwaran nawa ya zo ya riƙe hannuna ya ce mini sannu.

Na taho gida da niyyar in faɗa miki. Allah shaida ne, da wannan niyya na taho. Tun daga bakin layi na hango hayaƙi yana tashi a gidanmu. Ba ki je kasuwa ba ranar. Kin sa an yanka kajinki biyu, kin toya waina, kwanuka a jere a tsakar gida ana kai wa maƙwabta. Kika ɗago kika tambaye ni ko na gani da idona. Na ce na ga sunan. Ban yi miki ƙarya da kalma ba, na dai zaɓi kalmar da za ta ɓoye gaskiya, na kuma san abin da nake yi. Na ce a raina gobe zan faɗa.

Goben nan ta ɗauki wata biyu.

Mutane suka yi ta kawo alheri. Baba Yakubu ya ba ni alƙalami mai shan tawada, irin wanda ban taɓa riƙewa ba. Goggo Asabe ta kawo hula. Mai shagon bakin layi ya aiko da littattafan rubutu. Liman ya yi mini addu'a a masallaci bayan sallar azahar, jama'a suka shafa. Duk kyautar da ta shigo sai in ji bakina ya ƙara nauyi. A gefe guda kuma akwai takardar da makaranta ta ba ni, wadda ta ce an yarda in maimaita aji, amma sai na zo da mahaifi ko mai riƙona ranar komawa. Na naɗe ta na soke a jinkar ɗakina.

A hutun nan na shiga aikin dako a tashar jirgin ruwa. Kin san jirage ba su isowa Garwa sai da damina, idan kogi ya cika. Muna ɗaukar dilolin auduga da buhunan gyaɗa muna lodawa. Kina tsammanin ƙwazo ne ya kai ni, alhali guje wa idonki nake yi. Har na yi magana da wani ma'aikacin jirgi ya ce zai ɓoye ni su sauka da ni Yola, daga can in san inda na nufa. Ranar da ya sa mini na je bakin ruwa da ƙunshin kayana. Ina tsaye jirgin ya yi kuka ya tashi, ina kallonsa har ya sha kwana. Da zan so in ce tausayinki ne ya riƙe ni. Gaskiya tsoro ne. Na dawo gida na ce miki ba a yi aiki ba yau.

Saura kwana uku a koma makaranta kika kira ni tsakar gida da hantsi. A lise ƙananan aji gajeren wando suke sawa, manya su sa dogo. Ashe kin kai wa tela yadin kaki ba da sanina ba. Kika ciro dogon wando a naɗe kika ce in gwada. Na shiga ɗaki na sa, na fito. Kika ce in juya, na juya. Kika durƙusa kina gyara mini ƙafar wandon, kina cewa telan ya ɗan yi masa tsawo amma zan cike shi.

A nan na faɗa. Ina tsaye cikin wandon, kina durƙushe a gabana, na ce sunan da aka kira ba nawa ba ne, akwai wani mai irin sunana, ni na faɗi.

Hannunki ya tsaya a kan yadin. Da kika yi magana tambaya ɗaya kika yi: "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun washegari. Kika miƙe kika ce in cire wandon. Ba ki dake ni ba, ba ki zage ni ba. Kika koma gindin murhu kika ci gaba da suyar da kika bari. Da yamma na tarar da tuwona a inda kika saba ajiye mini, a rufe da faifai.

Da gari ya waye kika ce in tattaro duk abin da aka ba ni. Na zuba a ƙwarya. Kika yafa mayafinki na fita unguwa, kika sa ni gaba. Duk gidan da aka kai kwanon waina sai da muka shiga. Ke kike yin sallama, idan an amsa sai ki ja baya ki tsaya, ni in yi bayani da bakina in mayar da kayan mutane. Wasu suka ce haba ai ba komai, yaro ne. Wasu suka tsaya suna kallonki. A wani gida muna fitowa muka ji dariya ta tashi a bayanmu. Na dubi fuskarki, ba ki waiwaya ba, ba ki kuma ƙara sauri ba.

Liman ma sai da muka je wurinsa, ya ce addu'a ba a mayar da ita, tana nan tana jirana. Baba Yakubu ya saurare ni har na gama, ya ƙi karɓar alƙalamin, ya ce wanda zai sake zaman jarrabawa shi ya fi bukatarsa. Kika ce masa to, amma sai ya ji gaskiya tukuna sannan ya bayar, yanzu ya ji.

A hanyar dawowa kika yi mini maganar da ba ki sake maimaitawa ba har kika bar duniya. Kika ce: "Faɗuwar ba ta dame ni ba, kowa yana faɗuwa. Amma ka bari na ciyar da mutane abinci da ƙarya a ciki, ka bari na ɗora maka hannu a gaban jama'a kana sane." Na san abin da kika sha a kasuwa bayan wannan, don mata ba su raga miki ba. Ba ki taɓa kawo mini ko kalma ɗaya daga ciki gida ba.

Wandon kuwa kika mayar wa tela ya yanke shi ya koma gajere. Da shi na tafi ranar komawa makaranta, ɗinkin bakinsa sabo, kowa ya gani ya san abin da aka yi.

Ranar ce farkon shigarki lise. Kika cire takalmi a bakin ofis, kamar za ki shiga ɗakin surukai. Mataimakin shugaban makaranta mutumin Kudu ne, ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci. Ya fara magana da Faransanci, na juyo zan fassara miki yadda na saba. Sai kika ɗaga mini hannu. Kika leƙa waje kika kira masinjan makaranta, wani tsohon soja Bafulatani, kika roƙe shi da Fulatanci ya tsaya tsakaninku. Ina tsaye a gefe ina jin kowace kalma ta harsunan biyu, ba ni da izinin sa baki.

Abu biyu kika roƙa. A zaunar da ni a layin gaba. Duk takardar da ta shafe ni kuma kada a sake ba ni a hannu, a aika wa maƙwabcinmu da ke aiki a asibiti. Mutumin ya dube ni ta saman tabarau, bai tambayi dalili ba, ya rubuta.

Da muka fito kika ce in nuna miki yaron na Pitowa. Yana tsaye cikin manya da dogon wandonsa. Kika kira shi da hannu, kika tambaye shi ko shi ne mai sunan. Kika yi masa barka, kika kwance bakin zanenki kika ba shi ƙunshin ƙuli-ƙuli, kika ce ya gai da mahaifiyarsa, ya ce mata wata mata a Garwa ta yi murna da ɗanta wata biyu cur. Bai gane ba, ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Kika tafi ba ki yi mini sallama ba. Na shiga aji na zauna cikin yaran da bara nake kallonsu ƙanana.

Shekarar nan duk takardar da ta shigo gidanmu wucewa take yi ta gabana. Ina zaune a zaure da littafi, sai ki fito da kati a hannu, ki gifta ni, ki nufi gidan Baba Yakubu. Da kin dake ni da ya fi mini sauƙi. Sauran komai bai canja ba. Kina wanke mini kaki, kina ajiye mini kalanzir don karatu, idan na yi zazzaɓi kina zaune a kaina. Wannan abu ɗaya kawai kika ɗauke.

Na yi karatu a shekarar kamar ban taɓa yi ba. Da sakamako ya fito ba ki fito wajen rediyo ba. Washegari kika tafi lise da Baba Yakubu, ya duba lambar ya karanta miki, ya karanta miki garin haihuwa. Kika dawo kika ce alhamdu lillahi, kika ɗauki tallanki kika tafi kasuwa. Ba a hura wutar walima ba. Na yi tsammanin daga ranar za ki dawo mini da takardu, amma kika ci gaba da kai su can har Baba Yakubu ya bar aiki ya koma garinsu. Lokacin ni kuma na gama makarantar horon malamai, an tura ni koyarwa Mokolo. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Na sha shirya kalmomi a mota idan zan zo hutu, in na iso na gan ki sai su watse.

Sai shekarar da ciwon ciki ya kama ki. Na zo babban hutu na tarar kin rame, kina ɓoye mini, Goggo Asabe ce ta tsegunta mini cewa kin daina cin abinci. Da ƙyar kika yarda muka je asibiti. Bayan gwaje-gwaje likitan ya yi mini bayani da Faransanci, kina zaune a gabansa. Ya ce abin ya riga ya yi nisa, babu aikin da za a yi, sai dai maganin rage zafi. Ya ƙara da cewa gara kada in gaya miki, tsofaffi sun fi samun kwanciyar hankali idan ba su sani ba.

Muka fito muka zauna a benci ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Akwai ma'aikata Hausawa da Fulani suna ta giftawa, kowanne zai iya shiga ya tambayo miki. Ba ki kira kowa ba. Kika juyo kika kalle ni sosai kika ce: "Me ya ce? Kai nake tambaya."

Inna, ban taɓa jin nauyi irin na lokacin ba. Ga shawarar likita a hannuna, da na bi ta ba wanda zai zarge ni. Na gaya miki duka, har da cewa ya ce in ɓoye miki. Kika dubi ƙasa, kina jan bakin mayafinki. Can kika ce kin gode. Kika ce in kai ki gida, akwai mutanen da kike son ki nemi gafararsu tun kina iya tafiya da ƙafarki.

Da lokacin komawa makaranta ya zo na ce zan rubuta in nemi izini in zauna da ke. Kika hana. Kika ce yaran mutane suna can suna jirana, iyayensu sun ɗinka musu kaya, ba za a buɗe aji ba malami saboda ke ba. Ranar da zan tafi kina zaune a tabarma a inuwar ɗaki, kina ɓare gyaɗa a hankali don kada hannu ya zauna banza. Na durƙusa a gabanki, maganar tana bakina. Abin da ya fito kawai shi ne sai na dawo. Kika ce Allah Ya kai ni lafiya, in riƙe amanar yaran, in yi sauri kada mota ta bar ni.

Ban cika wata da komawa ba, ina tsakiyar darasi, wani direban da ke zuwa Garwa ya tsaya a bakin taga ya cire hularsa. Ya ce an riga an kai ki makwanci tun jiya.

Na san kin yafe. Na gani a benci ranar nan. Amma yafewarki daban, roƙona daban, ni kuma ban taɓa roƙa ba. Kin zaga gari da ciwo a jikinki kina neman gafarar mutane, ni da nake da babban laifi a wurinki na tashi na kama mota. To yau ga shi na faɗa, a gaban duk wanda ya karanta: Inna, na cuce ki, na kunyata ki, ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi. Allah Ya sanyaya hannuwan nan da wuta ta gasa saboda ni. Ya haɗa ki da Baba a gidan aminci. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu ikon faɗin abin da ya kamata tun masu ji suna raye, Ya sa mu cika da imani, Ya sada ni da ke a inda ba a rabuwa. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Hamidu